Burodin Ayalan Marar Gulutin: Me Ya Sa Gidan Mai Cutar Siliyak Ya Kamata Ya Koyi Gasa Shi



Yawancin cututtuka maganinsu yana kantin magani, amma akwai wadda nata yake ɗakin girki. Ranar da likita ya tabbatar wa mutum yana ɗauke da cutar siliyak, ba zai rubuta masa ƙwaya ko allurar da za ta warkar da ita ba. Umarni ɗaya zai ba shi: ya rabu da alkama da sha'ir da hatsin rai, da duk abin da aka sarrafa da su, har iyakar rayuwarsa. Umarnin gajere ne a baki, amma nauyinsa sai wanda ya zauna da mai lalurar. Da safe an dafa shayi, kowa ya miƙa hannu ya yagi burodi, shi kuwa sai kallo. In yaro ne abin ya fi ciwo, domin ba ya gane dalilin da ya sa abin da 'yan uwansa ke ci a gabansa ya zama haram gare shi shi kaɗai.

Ra'ayina a wannan mako shi ne, duk gidan da aka tabbatar akwai mai wannan cuta ya kamata ya koyi gasa burodinsa da kansa, kuma wanda ya fi cancanta a fara da shi shi ne burodin soda na mutanen Ayalan, a yi shi da garin da ba shi da gulutin. Ba ya buƙatar yis, ba ya buƙatar murza, ba a jiran ya tashi, kuma daga auna gari zuwa fitar da shi daga wuta bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Sharaɗi biyu ne kawai: a yi shi bayan likita ya tabbatar da cutar, kuma a yi shi domin gida duka.

Abin da cutar ke yi a cikin hanji

Gulutin wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da danginta. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe in an ja shi, ya kuma riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Ga mafi yawan mutane abinci ne kamar kowane. Ga mai cutar siliyak kuwa, da zarar ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, a cikin faɗan kuma ta ɓarnata hanjin kansa. Bangon ƙaramin hanji yana lulluɓe da wasu 'yan tsirarrun tsoka masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Cutar tana shafe su, sai abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba.

Daga nan ne alamomi ke fitowa: zawo mai naci, kumburin ciki, rama, kasala, ƙarancin jinin da ba ya jin maganin ƙarin jini, raunin ƙashi, da tsumburewar yaro. Wasu sukan sami ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wasu kuma ba sa jin komai a ciki, alhali ɓarnar na ci gaba. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, kuma da yawansu ba su sani ba.

Likitan Ingila Samuel Gee ya bayyana siffofinta a shekarar 1888, amma bai gano musabbabinta ba. Wanda ya danganta ta da alkama shi ne Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai aka ga yaran da ke fama da cutar sun farfaɗo; da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Ya gabatar da sakamakon bincikensa a 1950, kuma tun daga lokacin barin gulutin ya zama maganin da aka dogara da shi.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa, musamman mutanen Ayalan, domin wani bincike da aka yi a yankin Galway na yammacin ƙasar, aka buga a 1973, ya sami kusan mutum 1 cikin 300, adadin da ya ba likitocin wancan zamani mamaki. Sai dai a 1999 an buga wani binciken a kan yaran Sahrawi, 'yan asalin Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, aka sami fiye da kashi 5 cikin 100. Saboda haka kada wani ya ce ɗan Afirka ya tsira. Yadda burodi da taliya da indomi da tuwon semo suka mamaye abincinmu a 'yan shekarun nan, wanda ke da ƙwayar gadon cutar ya fi kakanninsa masu tuwon dawa da furar gero haɗuwa da abin da ke tayar da ita.

Gwaji kafin girki

Wajibi ne in tsaya a nan, domin kuskuren da aka fi yi ke nan. Mutum ya karanta alamomin da na lissafa, ya ga sun yi kama da nasa ko na ɗansa, sai ya yanke wa kansa hukunci ya daina cin alkama. Bayan wata uku ya je asibiti, a yi gwaji a ce ba a ga komai ba. Dalili kuwa shi ne gwajin jinin farko, wanda ake kira tTG-IgA, yana neman alamar faɗan da garkuwar jiki ke yi da gulutin ne. In an daina cin sa, faɗan ya lafa, alamar ta ɓace, hanji ma ya fara warkewa, har in an zura na'urar leƙa ciki aka ɗebo ɗan ƙanƙanin nama domin dubawa, za a iya ganin sa lafiya lau. Daga nan sai likita ya umarci mutum ya koma cin alkama kullum na kimanin mako shida kafin a sake gwaji, wato ya koma wa wahalar da ya gudu daga gare ta.

Alamomin nan kuma ba na siliyak kaɗai ba ne. Tsutsar ciki, gyambon ciki, tarin fuka na hanji da wasu cututtuka masu haɗari duk sukan zo da rama da zawo. Wanda ya tsaya canza gari alhali ciwonsa wani ne daban, ya ɓata lokacin da ya kamata a yi masa magani. Haka nan in an tabbatar da cutar ga mutum ɗaya, ya kamata a gwada iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 daga cikinsu kan kasance da ita.

Ga mai lafiya kuwa, ba na ganin hujjar barin alkama don yayi. A ƙasashe da dama, har da Nijeriya, doka ta wajabta wa kamfanoni ƙara wasu sinadaran gina jiki a cikin fulawa. Wanda ya bar ta ba gaira ba dalili ya yi asarar wannan, kuma ba lallai ya sami wata riba ba.

Burodin talakan Ayalan

Burodin soda ya bazu a Ayalan ne daga wajajen shekarun 1830 da 1840, lokacin da bekin soda ya fara samuwa da araha. Abubuwa uku suka taru suka sa ya kafu. Na farko, alkamar da ke yi a ƙasar mai yawan ruwan sama da sanyi mai laushi ce, gulutin ɗinta kaɗan ne, ba ta ba da burodin yis mai kyau. Na biyu, kusan kowane gidan karkara yana kaɗa madara ya cire man shanu, sai a bar ruwan nono mai tsami da ake neman yadda za a yi da shi. Na uku, talaka ba shi da tanderu. Abin da yake da shi tukunyar ƙarfe ce mai murfi, wadda ake ratayawa a kan wutar busasshen taɓon ciyayi da suke haƙowa daga fadama, a zuba garwashi a kan murfin domin zafi ya zo ta sama da ƙasa. A arewacin tsibirin kuma akan baje kwaɓin a raba shi huɗu a gasa a kan faffaɗan kasko.

Kayan haɗinsa na asali huɗu ne: gari, gishiri, bekin soda da nono mai tsami. Zabibi da sukari da ake gani a na Amurka ƙari ne na daga baya. A shekarun babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, an shigo da masara daga Amurka, kuma garinta ya daɗe yana shiga kwaɓin gidajen da alkama ta yi wa tsada. Wato tun asali burodi ne na yin amfani da abin da ke hannu.

Yadda yake tashi ba wani abin ɓoye ba ne. Bekin soda ɗan uwan kanwa ne, nono kuwa yana da tsami. In sun haɗu sai su fitar da iska nan take, kamar yadda uwargida ke gani in ta zuba ruwan kanwa a miya mai tsami ta ga ta yi kumfa. Wannan iskar ce ke kumbura kwaɓin a cikin wuta, kafin zafi ya daskarar da shi.

A nan ne hujjata take. Burodin yis yana rayuwa ne a kan gulutin: ana murza shi domin a ƙarfafa danƙon, a bar shi awanni danƙon yana riƙe iska. In an cire gulutin daga cikinsa an cire ginshiƙin ginin, shi ya sa burodin yis marar gulutin ke ba ma ƙwararru wahala. Burodin soda kuwa, ƙa'idarsa ta farko ita ce kada a murza shi, don kada gulutin ya yi ƙarfi burodin ya yi tauri. Abin da ake nema a cikinsa laushi ne mai ɗan marmashi. Burodin da tun farko yake gudun danƙo, in aka raba shi da gulutin gaba ɗaya, asararsa kaɗan ce. Ɗan riƙon da ya rage ana iya samar da shi ta wata hanya, kuma hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: garin kuka da ake zubawa a kwaɓin ɗanwake aikinsa ke nan, ya haɗa garin da ba shi da danƙon kansa.

Yadda ake yin sa

Gari ɗaya ba ya maye gurbin fulawa, sai an haɗa. Ga ma'aunin da nake ba da shawara a fara da shi, na burodi ɗaya mai ba da yanka 12:

Garin farar dawa, giram 200
Garin shinkafa, giram 150
Sitacin rogo ko na dankalin Turawa, na abinci ba na guga ba, giram 100
Bekin soda, ƙaramin cokali 1 a shafe
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Garin ɓawon siliyom, wanda shagunan Indiyawa ke sayarwa da sunan isabgol, giram 15; in babu, ƙaron zantan ƙaramin cokali 1 da rabi
Ƙwai 1
Mai, babban cokali 2
Nono mai tsami, mililita 400

Dawa ce ke ba da ɗanɗano da dusar da hanji ke buƙata, shinkafa tana sassauta nauyinta, sitaci kuma yana kawo laushi. Ana iya maye wani ɓangare na dawar da gero ko acca, dukkansu ba su da gulutin. A tankaɗe garin da rariya mai laushi sau biyu, domin tsaki-tsaki yana sa burodin ya yi kamar an zuba yashi. Nonon da aka kaɗe aka cire man shanu shi ne daidai da abin da mutanen Ayalan ke amfani da shi. Kindirmo ma yana yi in an sirka shi da ɗan ruwa. In babu ko ɗaya, a zuba babban cokali 2 na ruwan lemun tsami a madara, a bar ta minti 10 ta tsinke.

Kafin a jiƙa komai, a kunna tanderu ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. A haɗa garin da sitaci da soda da gishiri a kwano ɗaya, a gauraya sosai, domin ƙullin soda guda ɗaya ya isa ya ɓata baki da ɗaci. A wani kwanon a kaɗa nono da ƙwai da mai da siliyom, a bar su minti 5 su yi kauri. In ƙaron zantan ne, a cikin busasshen gari ake sa shi. Sai a juye mai ruwan a kan garin, a juya har ya haɗe. Kwaɓin zai fi na fulawa ruwa da manne wa hannu, kuma haka ake so. Wanda ya ƙara gari don ya ga ya bushe, dutse zai fitar daga wuta. A jiƙa hannu, a mulmula shi a kan farantin gashi da aka shafa wa mai, a danna shi ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce santimita 5.

Daga nan a tsaga samansa da wuƙa, tsaga mai zurfi, layi biyu masu gittawa. Mutanen Ayalan suna da bayanansu na gargajiya a kan wannan tsaga, wasu su ce sa albarka ce, wasu su ce ƙofa ce ta fitar aljanu. Amfaninta ga mai girki shi ne zafi ya ratsa tsakiya, don haka ko layi uku a jere aka yi ya wadatar. A sa a wuta ba tare da ɓata lokaci ba, domin iskar ta fara fita tun lokacin da nono ya taɓa soda. A gasa minti 50 zuwa 55. In an ƙwanƙwasa ƙasansa aka ji yana amsawa kamar ƙwarya, ya nuna.

Wanda ba shi da tanderu ya koma wa hanyar asali, wadda matan gida da yawa ke bi wajen gasa kek: tukunya mai kauri, a shimfiɗa yashi mai tsabta ko 'yan duwatsu a ƙasanta, a ɗora kwanon kwaɓin, a rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, mai ɗan yawa a kan murfi.

Mataki na ƙarshe shi ne haƙuri. Kada a yanka shi da zafi. Sitacin da ke ciki bai gama zama ba sai ya huce, awa ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba cikinsa zai manne wa wuƙa. In ya fito da ɗanɗanon sabulu, soda ya yi yawa ko nonon bai yi tsami ba. In yana wargajewa, mariƙin ya yi kaɗan. Kada a maye bekin soda da kanwa, domin ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ba ta aunuwa. Kada kuma a rikita shi da bekin foda, abu ne daban, kuma wani nau'insa yana ɗauke da sitacin alkama.

Inda haɗarin yake

Ana iya bin ma'aunin nan daidai, amma a cutar da majiyyaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Wannan ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Ɓarɓashin burodin alkama da ya faɗa cikin man shafawa ya isa ya tayar da garkuwar jikin mai cutar, ko da bai ji komai a cikinsa ba.

A wurinmu babbar ƙofar gurɓacewa ita ce injin niƙa. Injin da ya niƙa alkamar funkaso da safe, shi zai niƙa dawarki da hantsi, kuma ragowar garin farko yana maƙale a cikinsa. Haka mudun mai awo da buhunan da ake juya hatsi iri-iri a cikinsu. Abin da ya fi tsaro shi ne a sayi tsabar hatsi, a tsince ta ƙwaya-ƙwaya a kan faifai, a wanke a shanya, a niƙa a gida da ƙaramin injin da ba a taɓa sa masa alkama ba, ko a daka a turmin da aka keɓe. Wanda ke zaune inda ake sayar da gari a leda, ya nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba shi da gulutin. Mutanen Ayalan kan zuba hatsin ots a burodinsu na soda. Shi kansa yawancin masu cutar suna iya cin sa, amma sau da yawa yana gauraye da alkama tun daga gona, don haka sai mai shaidar tsabta, kuma da sanin likita.

A cikin gida kuma, a keɓe rariya da muciya da katakon yanka, domin itace da ragar rariya suna riƙe gari komai wanki. Kada a gasa wannan burodi a lokacin da ake tankaɗe fulawa, ƙurarta tana yawo a iska ta sauka. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki ya haramta ga majiyyaci. A kuma tambayi mai nono ko an ƙara wani gari domin kauri. Wannan duka shi ne ƙarin dalilin yin burodin a gida, inda uwargida ta san abin da ya taɓa kowane kwano. Gidan burodin da ke aiki da fulawa dare da rana ba zai iya ba da wannan tabbaci ba, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce ba ya kama da burodin da aka saba. Gaskiya ne. Ba shi da taushin soso, ba shi da zaƙi, kuma yana saurin bushewa. Kwana biyu ne ƙarfinsa. Maganin wannan shi ne a yanyanka shi bayan ya huce, a ajiye a injin daskarewa, a riƙa ɗauko na buƙata ana ɗumamawa a kasko. Firji na yau da kullum yana hanzarta bushewarsa ne. Yaron da aka gaya wa cewa ga irin burodin da ya saba, zai ji an yaudare shi. In aka gabatar masa da shi a matsayin sabon abinci mai sunansa da labarinsa, aka shafa masa man shanu da zuma yana da ɗumi, karɓarsa ta fi sauƙi.

Za a ce akwai gishiri. Wannan suka ce mai nauyi, kuma masu hawan jini da ciwon ƙoda su lura. Ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sodiyom kusan miligiram 1,200, rabin cokalin gishiri ma kusan haka. In an raba burodin 12, kowane yanka na da wajen miligiram 200, ban da na nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 a rana. Yanka biyu da safe ba laifi, amma a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyar rana. Dunƙulen ma a duba takardarsa, wasu na da alkama.

Za a ce akwai madara. Da yawan waɗanda aka gano cutarsu kwanan nan ba sa iya narkar da sukarin madara, saboda sinadarin da ke narkar da shi a kan tsirarrun hanjin da suka lalace yake. Yawanci wannan yana gyaruwa in hanji ya warke. Kafin nan a yi amfani da madarar waken suya da lemun tsami, aikin ɗaya ne.

Masu ciwon sukari kuma su sani cewa rashin gulutin ba ya nufin rashin sitaci. Shinkafa da rogo suna ɗaga sukarin jini da sauri. Wannan ya shafi gidaje da dama, domin siliyak ta fi yawa a tsakanin masu ciwon sukari nau'i na 1. Su ƙara kason dawa, su rage na shinkafa, su ci da ƙwai ko wake, su kuma lissafa shi cikin abincin rana tare da shawarar likitansu.

Akwai kuma mai cewa, me ya kai mu Ayalan alhali muna da tuwon shinkafa da fura da waina da dambun masara da faten acca? Na yarda cewa Bahaushe mai wannan cuta ya fi Bature sa'a, domin tushen abincinsa ba alkama ba ce, kuma waɗannan su ya kamata su zama ginshiƙin cimarsa, muddin an tabbatar ba a sa fulawa a waina ko ɗanwake ba kamar yadda wasu ke yi yanzu. Amma ɗan makaranta ba ya tafiya da tuwo a jakarsa, matafiyi da ma'aikaci ma haka. Burodi ya riga ya sami gurbi a karin kumallo da guzuri, kuma gurbin da aka bari a buɗe, wata rana da abin da aka hana za a cike shi.

Faranti ɗaya

Wannan ya kawo ni sharaɗi na biyu. Abin da ke karya masu wannan cuta ba rashin sani ba ne a mafi yawan lokuta, gajiya ce da zama saniyar ware. Matashin da kullum ake ware masa kwanonsa, wata rana zai ci abin da abokansa ke ci a ɓoye, ya dawo gida bai faɗa ba, likita ya yi ta mamakin abin da ya hana jininsa ƙaruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gida ya ware ko da safiya biyu ko uku a mako da burodin da ke kan faranti kowa zai iya ci, maigida ya yanka ya ci, yayye su ci, an rage wa majiyyaci kaɗaici, an kuma rage ɓarɓashin alkama a wurin cin abinci. Sauran mutanen gida ba su rasa komai ba, tun da suna cin alkamarsu a wasu lokutan. Sai dai wanda ake shirin gwadawa a cikinsu, shi kada ya rage cin ta kafin gwaji.

Na farko da za a gasa mai yiwuwa ba zai fito yadda ake so ba, domin gari ya bambanta wajen shan ruwa, wuta ma haka. A rubuta abin da aka auna, a gyara abu ɗaya a karo na biyu. A kuma ci gaba da zuwa asibiti kamar yadda aka tsara, domin gwajin jini ne zai nuna ko tsarin abincin yana aiki, a kuma duba ko ana buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.